Ranar da Muryar Mai Sunan Malam Ta Dishe

Shin Malam ya san ranar ce zai tafi, shi ya sa ya kore ni daga gefensa? Damina biyu ke nan ina juya wannan tambaya, ban samu amsa ba. Na tambayi babban ɗana, ya ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma tambayar ba ta bar ni ba. Ban yi boko ba, karatun allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi, don haka autata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata ta rubuta komai, har wuraren da ban fita da kyau ba. In kuka ya zo mini ta jira ni, don har yau ina yi, kuma na daina ɓoyewa.

Malam mijina ne, masunci a nan Wudil. Daga Achika aka kawo ni gidansa, gidan da in ka tsaya a ƙofarsa kana hango gada da manyan motocin da ke bi ta kanta. Mun haura shekara hamsin tare. Bai bar shiga ruwa ba sai ranar da hawan jini ya kayar da shi yana cikin ɗinkin taru a tsakar gida. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Ni kaɗai nake gane maganarsa duka. Yara sai su gane rabi, su cike sauran da "To, Baba." Amma kunnensa ya ƙara kaifi. Yana kwance a ɗaki zai gaya maka kogi ya ƙaru ko bai ƙaru ba, kuma in aka je aka duba, haka ne.

A shekara ta biyu da kwanciyarsa autata ta zo gida haihuwar fari. Ta sami ɗa namiji, aka sa masa sunan kakansa, don haka ba mai iya kiran sunan a gidan, sai dai a ce Mai sunan Malam. Yaro ne mai murya. In ya tsala kuka, har kajin tsakar gida sai sun ɗaga kai. Malam yana jin daɗin wannan ƙwarai. Kullum da hantsi sai na kai masa shi na ɗora a kan ƙirjinsa.

"Wannan baƙo," in ji shi, "ya ƙwace mini suna, ya ƙwace mini mata. Saura taru."

"Ai sabon ango ne," na ce. "Kai ka tsufa, ka yi haƙuri."

"Angon da ba haƙori? To ku je ku ƙarata. Amma murya kam akwai. Wannan in ya kira mai jirgi daga tsallake, zai ji."

A unguwarmu ni aka sani da wankan jego. Matan da na yi wa wanka ban san iyakarsu ba, wasu ma har na yi wa 'ya'yansu. To ga tawa ta zo, kuma a tsakiyar marka. Ruwa ba ya ɗaukewa, itace duk a jiƙe. Abin da na fi tsoro shi ne sanyi ya shiga mai jego ko jariri. Sai na janyo murhun wanka cikin rumfar da ke bakin ƙofar ɗakinsu, don kada ruwan sama ya kashe wutar. Na sa kaskon gawayi a cikin ɗakin. Tagar ɗaya ce, na cusa mata tsumma. Ɗanyen itace yana ta hayaƙi safe da yamma, ga turaren wuta da nake ƙarawa saboda 'yan barka. Ni da kaina in na shiga idona yana yaji, amma sai in ce a raina ɗumi ya kama ɗaki.

Akwai kuma maganar beli. Mu yadda muka taso, jariri ba ya wuce kwana bakwai ba a cire masa ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro ba. Mijin autata direba ne a jami'a, ya ce a wurin awo an hana su, don haka ranar suna wanzami aski kawai ya yi. Ni ba na musu da suruki. Amma na ajiye abin a raina.

Yaro yana da sati uku mura ta kama shi. Hanci ya toshe, in ya kama nono sai ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa. Na yi abin da na sani. Na zuƙe masa majina da bakina, na shafa masa man zafi a ƙirji da gefen hanci, na ƙara masa hula da safa, na ƙara gawayi a kasko. Ranar Laraba muryarsa ta fara dishewa. Ranar Alhamis, in ya buɗe baki, abin da ke fitowa bai wuce kukan ɗan kyanwa ba, ƙirjinsa kuma yana ƙugi.

"Inna," in ji autata, "ko mu je asibiti?"

"Da ɗanyen jego? Ko arba'in ba ku yi ba, ki ɗauki jariri ki fita da shi cikin wannan ruwa? Me za a ce da ni a unguwa? Beli ne, tun farko na sani. Ga shi nan ya sauko ya toshe masa murya."

Ba ta saba mayar mini da magana ba. Na aika wa wanzami. Ya ce gobe da safe yana kasuwa, amma da an sauko daga masallacin Juma'a zai zo.

Ranar Juma'a gari ya waye ba ruwa. Yaro ya yi shiru, idonsa a lumshe. Na ji daɗi, na ce Allah ya kawo sauƙi tun kafin a taɓa shi. Na dama kunu na kai wa Malam, na tallafo kansa kamar kullum. Ya kawar da baki.

"Ina abokina?"

"Ya samu barci, alhamdu lillahi."

"Tun asuba ban ji shi ba."

"Ai sauƙin ke nan. Sha kununka."

"Kawo shi."

Na san wannan muryar. Ita ce wadda yake yi wa masu ja masa taru in sun yi sake. Na ajiye kofin, na je na ɗauko yaron, uwarsa ta biyo ni. Na ɗora shi a ƙirjin Malam, a naɗe cikin shawul. Ya ce in buɗe. Na ce sanyi. Ya ce in buɗe. Na warware shawul, na ɗage riga biyu, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan cikin yaron.

A ɗakin Malam akwai haske, tagarsa a buɗe take kullum saboda yana son jin kogi. A nan na ga abin da duhun ɗakin jego ya ɓoye mini. Duk numfashin da yaron zai ja, sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa ciki. Ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa. Numfashin sauri-sauri, kowanne da ɗan nishi a ƙarshensa. Jikinsa zafi, ba irin ɗumin shawul ba. Leɓensa ya yi wani duhu-duhu.

Malam ya dubi autata. Ya yi magana, ba ta gane ba, na maimaita mata: yaushe rabonsa da nono?

"Tun jiya da la'asar bai sha na kirki ba, Baba. Yau ko kamawa ba ya yi. Ƙunzugunsa ma a bushe yake tun safe."

"Wannan ba barci ba ne," in ji Malam. "Na shekara nawa ina jefa kifi kan yashi. Da farko yana tsalle. In ya daina tsalle, ya kwanta yana buɗe baki, ba hutawa yake ba."

Duk da haka bakina bai sauka ba. Na ce wanzami yana nan zuwa bayan masallaci, saura kaɗan.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Wancan ma wanzami ya zo."

A nan sai na tsaya in yi bayani, don ita kanta mai rubuta wannan ba ta san da wancan ba sai ranar. Kafin babban ɗana akwai wani. Shi ne na fari. A Achika na haife shi, a ɗakin mahaifiyata, da damina shi ma. Bai kai sati uku ba mura ta kama shi, muryarsa ta dishe. Aka ce belin ne bai fita duka ba, aka sake kiran wanzami. Bayan nan ya yi shiru, tsofaffi suka ce ya samu sauƙi. Kafin azahar ya cika. Malam ya taho a keke daga Wudil da busasshen kifi a ɗaure a baya, ya kawo wa mai jego, ya tarar maza suna dawowa daga maƙabarta. Aka ce kwanansa ne ya ƙare, kuma haka ne. Ɗan fari ko yana raye ba a kama sunansa, balle ya rasu. Ni ban taɓa tayar da maganarsa ba, Malam bai taɓa ba. Shekara hamsin. Na ɗauka ya manta, yadda maza ke mantawa.

"Zuwan da na yi kafin wannan, yana da rai, na ji numfashinsa," in ji Malam. Maganar tana fita da ƙyar, yawu yana zubowa ta gefen bakinsa, ina goge masa. "Irin wannan ne. Na yi shiru, don gidan surukai ne. Nan gidana ne. Ki ɗauke shi ki kai shi asibiti yanzu."

Na zauna a bakin gado. Sai na ce to, a kai shi, amma matar babban ɗana ta raka su, tunda gida ɗaya muke. Ni in na tafi wa zai juya shi, wa zai ba shi kunu, wa zai gane abin da yake faɗa? Tun da ya kwanta ban taɓa yin nisan da ya wuce gidan maƙwabta ba.

"Ke kika san abin da kika shafa masa," ya ce, "ke za ki faɗa musu." Har ya ɗan yi murmushi da rabin bakinsa. "Kuma in wata ce ta fita da mai jego kafin arba'in, matan unguwa za su cinye yarinyar nan da baki. In sarkin wanka ce da kanta, wa zai yi magana?"

Na mayar wa yaron rigarsa. Na kira surukata na nuna mata yadda ake tallafo kan Malam. Na gyara masa matashi, na ja masa zane. Da na kai bakin ƙofa na juyo, ya faɗa mini wata magana. Zan zo kanta.

A ƙofar gida muka ci karo da maƙwabciyata tana dawowa daga niƙa. Ta dube ni, ta dubi autata cikin hijabi, ta riƙe baki.

"Inna! Lafiya, da ɗanyen goyo?"

"Lafiya ce za ta fitar da mu? Matsa mana."

Wanda ya san Wudil ranar Juma'a ya san abin da muka tarar a titi. Motocin shanu sun cushe hanya, 'yan kasuwa ta ko'ina, ga masu shimfiɗa darduma tun da wuri. Mai adaidaita sahun da muka tare ya leƙo ya ga abin da ke hannuna, bai tambayi komai ba, ya sauka daga titi ya bi ta lunguna, yana ratsa kwata da taɓo. Ni dai idona yana kan shawul, ina kallon yana ɗagawa yana sauka. Ba abin da nake iya karantawa sai sunan Allah.

A asibiti akwai layi, amma wata nas da ta zo wucewa ta ɗaga shawul ɗin, ta ce mu biyo ta. Ta ɗage rigarsa kamar yadda Malam ya sa na yi, ta dubi agogonta tana ƙirga numfashinsa. Aka maƙala masa wani abu a ƙafa, aka sa masa siririyar robar iska a hanci, aka nemi jijiya a bayan hannunsa. Da allura ta shige shi ya buɗe baki, amma ba abin da ya fito. Autata ta juya ta kifa kanta a bango. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce limoniya ce, sanyi ya kama huhu, kuma za a riƙe mu.

Da abubuwa suka ɗan lafa, nas ɗin ta sunkuya ta shinshina wuyan yaron.

"Iya, me aka shafa masa?"

Na faɗa mata duka, man zafi, kasko, tsumman taga, ɗanyen itace. Ina jira ta yi mini faɗa a gaban mutane. Ba ta yi ba. Ta janyo kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce mura kan kama jariri, kuma in yana shan nono sosai, numfashinsa a kwance, jikinsa ba zafi, akwai ruwan gishirin da suke bayarwa a ɗiga a hanci, a ci gaba da lura da shi. Amma jaririn da bai wuce wata biyu ko uku ba, da zarar jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ko haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko muryarsa ta dishe yana ƙara in zai ja iska, ba a kwana da shi a gida. Ta ce wanda ya fi ba su tsoro shi ne wanda ya yi laushi ya daina kuka. Hayaƙi da man zafi kuwa ƙara shaƙe shi suke yi.

Na ce, "To belin fa, 'yar nan?"

"Iya, wanda ke neman iska da ƙyar, a sa masa aska a maƙogwaro? Da kun jira mai askar, ban san abin da zan ce miki yanzu ba."

Na ce mata ba a fita da jariri kafin arba'in. Ta ce, "Mu dai a kawo mana su ko ranar da aka haife su ne. Arba'in ɗin a ƙarasa ta bayan an koma gida."

Muka ji an tayar da sallar Juma'a daga nesa. Zuwa la'asar leɓen yaron ya fara komawa kalarsa. Ina cikin tunanin yadda zan samu mai komawa gida ya gaya wa Malam, sai na hango babban ɗana a ƙofar ɗakin, da kayan kasuwa a jikinsa. Bai shigo ba. Ya durƙusa a nan bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ba sai da ya yi magana ba.

Abin da ya faru bayan fitata, daga bakin surukata na ji shi. Ya sha kunun a hannunta, ya shanye. Ya saurari huɗuba ta lasifika. Bayan an sauko wanzami ya yi sallama, ta je ta ce masa an kai yaro asibiti. Malam ya ji, ya yi ta nuni da hannu sai da aka shigo da shi. Ya nuna kansa da gemunsa. Wanzami ya yi masa aski, ya gyara masa gemu, har yana tsokanarsa wai ko sabon aure zai yi. Da ya tafi, Malam ya sa ta juya shi ɓarin dama. Sannan ya yi mata wata magana, doguwa. Ya maimaita. Ba ta gane ba. Ta ce, "To, Baba," ta fita ɗauko ruwa. Da ta dawo ta ɗauka barci yake.

Wannan maganar ita ce ke hana ni sakewa. Ban ga laifin yarinyar ba, ko 'ya'yan cikinsa ba za su gane ba. A duniyar nan mutum ɗaya ce za ta gane, ita kuma tana asibiti. Ko addu'a ce, ko saƙo ne gare ni, ko tambayar yaron yake, ko kuwa cewa yake a gyara masa matashi, ban sani ba. Kuma askin nan. Mutumin da sai na yi ta fama da shi kafin ya yarda a taɓa masa kai, me ya sa ranar ya nema da kansa?

Na iso gida na same shi an yi masa wanka, kansa fes. Kafin magariba aka kai shi. Daga nan na shiga takaba. Ni da na ce mai jego ba ta fita, ga ni a zaune a ɗaki, ita tana asibiti da uwar mijinta, sai dai in ji labari ta waya. Aka ce yaron yana nan dai. Aka ce ya fara karɓar nonon da aka tatsa. Ba na iya cin abinci, ina ganin kamar za a sake zuwa a durƙusa mini a bakin ƙofa.

Ranar sadakar uku gida cike da mata, surukata ta miƙo mini waya ta ce auta ce. Na kara a kunne. Ba ta ce komai ba. Sai na ji kuka. Ana canza wa yaron allurar hannu ne, shi kuma ya ƙi yarda. Muryar da saura, tana ɗan karcewa, amma kuka ne na gaske, mai cika kunne, irin na mai jin haushi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa matan nan da wayar a hannuna, na nufi ɗakin Malam, na ɗaga labule, har na buɗe baki. Gadon an naɗe shimfiɗarsa, an jingine tabarma a bango. Tagar tana nan a buɗe. A nan suka zo suka riƙe ni.

Bayan kwana takwas aka sallame su. Na sa aka fitar da kaskon, aka zare tsumman tagar, aka mayar da murhu can ƙarshen gida. A ɗakin suka ƙarasa arba'in ɗinsu, ni ina nawa zaman a ɗaki na gaba, ina jin kukansa ta bango. Belinsa yana nan har yau, ba abin da ya yi masa. Yanzu ya shekara biyu. In sun zo, tun daga bakin lungu ake jin ihunsa, maƙwabciyata tana cewa a zo a ɗauke wannan lasifika. Ni ba na hana shi.

Har yanzu ana kirana wankan jego, ko da yake yanzu sai dai in zauna in nuna. Abu na farko da nake yi in na shiga ɗaki shi ne in buɗe taga, in kai jariri wurin haske, in ɗage rigarsa in duba. In na ji murya ta dishe, ko aka ce mini ya yi shiru ya ƙi nono, ni ke fara neman mayafina. Wasu suna ji. Wasu suna cewa tun da mijinta ya rasu tsohuwar nan ta rikice. Wataƙila da gaskiyarsu.

Ban yi nadamar tafiyar ba, ko sau ɗaya. Da na zauna, da na binne biyu, ko kuma na binne ƙaramin na bar babban da baƙin cikin da ya riga ya ɗauka shekara hamsin shi kaɗai. Amma rashin nadama bai hana ni kuka ba. Abin da nake so in sani kawai shi ne ko ya sani. In ya sani, to ya zaɓi ya tafi ba ni a kusa, kuma ya ɓoye mini da murmushi. In bai sani ba, to yana nan kwance yana jiran in dawo da labari.

Ina tsaye a bakin ƙofa ranar, yaron a ƙirjina, ƙafa ɗaya a waje. Na juyo na ce, "Malam, ba zan daɗe ba." Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya kaɗa shi kamar mai korar kaji.

"Je ki, ni ba inda za ni. In ya yi kuka da ƙarfi, ki zo ki faɗa mini."